GANYE DA MAGUDANAR RUFI: ITACEN GIDANKA SHI ZAI ZAƁA MAKA RAGA

Da zarar bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, akan ga magidanta sun shiga neman kafinta da birkila domin a duba musu rufin ɗaki. Wani ya sa a ƙara ƙusa inda iska ta ɗaga kwano, wani ya sa a liƙe ɓula da kwalta. Amma akwai wuri guda wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aka tafka ruwan farko, aka wayi gari silin ya jiƙe ya yi ciki, bango kuwa ya yi zanen laima tun daga sama har ƙasa. Wannan wuri shi ne magudanar rufi, watau kwarin nan na kwano ko na siminti da ke bin gefen rufi yana tattara ruwa ya kai shi bututu. In aka hau aka duba, galibi abin da za a tarar shi ne ganyen rani guda ya haɗu da ƙurar hunturu sun cushe bakin bututun.

Abin da yawancin mutane kan yi a nan shi ne su ɗora wa itacen tsakar gida laifi, kafin mako ya zagayo an kira mai gatari. Ta haka ne aka kayar da maɗatai da mangwarori masu shekara hamsin da sittin a unguwannin ma'aikata na Kaduna, Zariya, Kano da Jos, saboda matsalar da ragar waya da tsintsiya za su iya magancewa. Wannan kuwa yana faruwa ne a daidai lokacin da ƙasa ke kashe kuɗi wajen dashen itatuwa a jihohi 11 na bakin hamada, ƙarƙashin shirin nan na Ganuwar Itatuwa ta Afirka wanda aka kafa wa hukuma ta musamman a Nijeriya a 2015.

Lamarin ya fi shafar ma'aikata a yau fiye da da. A zamanin baya, ma'aikacin da ke zaune a gidan gwamnati takarda kawai zai rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka, a turo leburori da tsani. Amma tun daga 2003, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin gida da mota, aka kuma shiga sayar wa mazauna gidajen da suke ciki, nauyin gyara ya dawo wuyan maigida. Jihohi da dama ma sun bi sahu. Tsofaffin gidajen nan kuwa su ne suka fi kowane gida manyan itatuwa.

DAGA INDARARO ZUWA BUTUTU

Magina na gargajiya ba su sha wannan wahala sosai ba. Soron ƙasa yana da rawani a gefen rufinsa, ruwa kuma yana fita ne ta indararo, wanda akan yi da gungumen giginya da aka rarake, ko da gasasshen yumɓu, daga baya kuma da kwano. Indararo gajere ne, a buɗe yake, ya kuma miƙo waje domin ya jefa ruwa nesa da gindin bango. In ya toshe, mai wucewa a titi ma zai gani. Bugu da ƙari, al'ada ce kafin damina a hau soro a share, a yi yaɓe, saboda haka ganye bai samun damar kwana biyu a kan rufi.

Da kwano ya zo, gidaje da yawa ba su sa magudana ba sam, ruwa yakan zubo ne kawai daga bakin kwano. Sai a 'yan shekarun nan aka shiga yayin ginin da ake ɓoye rufi a bayan rawanin siminti, a zuba magudanar kankare a tsakanin kwano da rawanin, a saukar da ruwan ta bututun roba mai faɗin inci 3 ko 4, wani lokaci ma a binne bututun a cikin bango. Ginin yana da kyan gani, ba a musu. Amma ya kamata mai karatu ya lura da bambanci guda. Magudanar da ke rataye a wajen bango, in ta cika, waje take amayarwa. Wadda ke bayan rawani kuwa, in ta cika, ba ta da inda za ta kai ruwan sai ta ƙarƙashin kwano, watau kan katako da silin da wayoyin lantarki. Kuma daga ƙasa ba mai iya ganin halin da take ciki.

Ruwan da ake magana a kansa ba kaɗan ba ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da lita ɗaya. Alal misali, gida mai rufin mita 10 a faɗi da 12 a tsawo, in aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, zai karɓi lita 6,000, watau duro 30 irin na lita 200. A shekara kuwa, a gari kamar Kaduna inda akan sami kimanin milimita 1,200, wannan rufi zai zubar da lita 144,000. Ga kuma nauyi. Magudanar kankare mai faɗin santimita 30, zurfin 20, tsawon mita 12, in ta cika maƙil tana riƙe da lita 720, nauyin da ya ɗara na buhun siminti 14. Ta kwano ba ta kai haka girma ba, amma ita ma ƙusoshinta ba a buga su domin su ɗauki taɓo da ruwa kwana da kwanaki ba.

A FARA DA DUBAN ITACE

A kasuwa yanzu ana samun ragogi da marufai iri-iri na kare magudana, wasu shigo da su aka yi, wasu masu walda da maƙeran kwano ne ke haɗawa a gida. Kowane mai sayarwa zai ce nasa ya fi. Maganar gaskiya ita ce babu guda ɗaya da ya dace da kowane gida, domin abin da ke faɗowa a kan rufi ya bambanta daga itace zuwa itace, a girma da kuma a lokaci. Kafin a je kasuwa, kamata ya yi maigida ya sa a ɗebo masa dunƙule guda daga cikin magudanarsa, a baza a kan tabarma, ya dubi abin da ya fi yawa a ciki. Wannan ɗan bincike ya fi duk wata takardar talla amfani.

Mangwaro da malaina, da ire-irensu masu faffaɗan ganye kamar gamji, su ne masu sauƙin sha'ani. Ganyensu ba ya ratsa ko da wayar kaji. Abin lura game da mangwaro shi ne furensa, wanda ke zuba a cikin hunturu, ƙanana ne ƙwarai kuma masu danƙo, sai kuma ƙananan 'ya'yan da ke kakkaɓewa kafin su nuna. Maɗaci shi ma ganyensa matsakaici ne, amma ƙwallonsa mai tauri in ya bushe yakan tsage ya saki iri masu fiffike, ɓawon kuma ya faɗo, kuma ɓawo ɗaya ya isa ya tsaya a bakin bututu ya tare duk abin da ya biyo bayansa.

Dogon yaro shi ne ya fi yawa a garuruwanmu, shi ne kuma ya fi ba da aiki. Wannan itace, wanda Kanawa ke kira darbejiya, Katsinawa bedi, mutanen gabas kuma maina, asalinsa daga ƙasar Indiya yake, an kuma fara dasa shi a lardin Borno a 1928. Saboda juriyarsa ga fari ya cika tituna da makarantu da asibitoci tun daga Maiduguri har Sakkwato. Ɓarnarsa a kan rufi hawa huɗu ce: ƙananan ganye da yake zubarwa da yawa a ƙarshen rani, siraran tsinkayen da ganyen ke jere a kansu, ƙananan fararen furanni, sa'an nan 'ya'ya. Tsinkayen nan su ne mugun iri, domin sukan soke cikin idon raga su tsaya a tsaye kamar shinge, ganye ya zo ya maƙale a jikinsu. 'Ya'yan kuwa jemagu da tsuntsaye suna sha su yar da ƙwallon a kan rufi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dogon yaro ya tsiro a saman bene, to, daga nan ya samo asali, kuma saiwarsa tana iya tsaga kankare. Haka ceɗiya da durumi suke yi, har ma sun fi shi.

Tsamiya da ɗorawa ganyensu ƙanana ne, in sun bushe suna bi ta idon raga mai rubu'in inci kamar babu komai a wurin. Rimi kuma audugarsa yake saki a rani, wadda ke shimfiɗuwa a kan raga mai ƙananan idanu ta zama kamar bargo. Itacen turare, wanda aka dasa da yawa a Jos da tsaunin Mambila, ga dogon siririn ganye, ga ɓawo da ke saɓulewa, ga ƙananan ƙwanso.

Gawo kuwa nasa halin daban ne. Kowane manomi ya san gawo yana yin ganye da rani, ya zubar da shi in damina ta faɗi, abin da ya sa ake son sa a gona. Amma ga mai gidan da gawo ya yi wa rumfa, ma'anar wannan ita ce sharar da ya yi a watan Afrilu ba ta raba shi da aiki ba, domin ganyen, wanda bai kai ƙwayar shinkafa faɗi ba, zai zubo ne a daidai lokacin da magudana ke bakin aikinta.

IRE-IREN RAGA DA HALIN KOWACE

Mafi sauƙi kuma mafi araha shi ne ɗan kwandon waya da ake cusawa a bakin bututu. Ba ya hana ganye shiga magudana, amma yana hana shi gangarawa cikin bututu, inda cire shi ke da wuya, musamman in bututun yana cikin bango ko yana da gwiwa. Duk gidan da ke da magudana ya kamata ya sa wannan, ko da ba zai sa komai ba bayansa. Sai dai a sa mai tsawo, mai kai kamar tulu, wanda ya ɗago sama da gindin magudanar. Shimfiɗa waya a kwance a bakin rami kuskure ne, domin ganyen mangwaro biyu kacal za su rufe ta ruf.

Na biyu ita ce raga mai matsakaitan idanu, daga milimita 4 zuwa 6, watau abin da bai wuce rubu'in inci ba, ko kuma farantin ƙarfe da aka huhhuda. Ita ce ta dace da gidan mangwaro, malaina da maɗaci, kuma ko a gidan dogon yaro tana tare mafi yawan ganye da 'ya'ya. Ruwa yana ratsa ta da sauri komai ƙarfinsa. Fure da ƙura za su wuce, amma in magudanar tana da gangare mai kyau, ruwa mai ƙarfi yakan kore su. Wayar kaji, wadda mutane suka fi saurin saye saboda araharta, idanunta sun yi faɗi, ga ta da laushi tana lotsawa, ganye ya kwanta a cikin lotsawar, kuma ba ta daɗewa take tsatsa.

Na uku ita ce raga mai ƙananan idanu ƙwarai, milimita ɗaya ko ƙasa da haka, wadda masu kyau daga cikinta da ƙarfe marar tsatsa ake yi. A ƙasashen Turai da Amurka ita ake yabo fiye da kowace, ita ce kuma kaɗai ke tare ganyen tsamiya da na gawo. Amma a nan akwai abin da takardun talla na waɗancan ƙasashe ba su yi la'akari da shi ba, watau hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shimfiɗa ta a kan kowane rufi. Yayyafin farko in ya sauka a kan wannan ƙura, ta haɗu da danƙon furen mangwaro da kashin tsuntsaye, sai ta zama yaɓe a kan ragar. Daga nan ruwa ba zai ratsa ba, sai ya bi ta kanta ya tsallake. A magudanar waje ɓarnar ba ta wuce ruwa ya zubo a gindin bango ba. A ta bayan rawani kuwa, ragar da ta toshe daidai take da magudanar da ta toshe. Saboda haka wanda ya zaɓi wannan iri ya san ya ɗauki alkawarin goge ta da buroshi kafin ruwan farko, da kuma sau ɗaya ko biyu a tsakiyar damina.

Akwai kuma murfi mai lanƙwasasshen baki, wanda ke rufe magudanar gaba ɗaya ya bar siririyar kafa a gefe. Dabararsa ita ce ruwa yana manne wa jikin ƙarfe ya bi lanƙwasar ya shige kafar, ganye kuwa ya zarce ƙasa. A inda ake ruwa a hankali yini guda, dabarar tana aiki. Namu ruwan kuwa yakan zo ne da iska, ya zuba kamar da bakin ƙwarya cikin rabin sa'a, ya yi tsalle ya wuce kafar. Ga tsada, ga wuyar buɗewa, ga kuma duhun cikinsa da rina da zanzaro ke so. A ganina ba a yi shi domin daminarmu ba.

Sauran biyu ba su cancanci dogon bayani ba. Akwai wanda ya yi kama da dogon buroshi ana kwantar da shi a cikin magudana. Yana tare manyan ganye, amma ƙananan ganye da tsinkayen dogon yaro sukan cika gashinsa, sai an zaro shi an kakkaɓe. Akwai kuma soso da ake cusawa ya cika kwarin. Wannan ƙura ke cika shi, rana ta gasa shi ya rududduge, iri kuma ya sami wurin tsira mai laima.

ƘARFE KO ROBA

Bayan girman ido, sai abin da aka yi ragar da shi. Ragar roba tana da araha, amma kwano da tsakar rana a watan Afrilu ba ya taɓuwa da hannu, kuma hasken rana yana cin roba har ta riƙa karyewa kamar busasshen kara, sai fa wadda aka haɗa musamman domin ta jure. Araha dai ba ta ado. Goran ruwa, watau alminiyam, ba ya tsatsa, ga shi marar nauyi, shi ne kuma ya fi dacewa da dogon kwanon nan na zamani tun da jinsinsu ɗaya. Wayar ƙarfe mai rufin tutiya tana tafiya da kwano na gargajiya, amma duk inda aka yanke ta, daga nan tsatsa ke farawa.

Akwai wata ƙa'ida da masu aiki da yawa ba su kula da ita ba. In ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu, laima kuma ta shiga tsakaninsu, ɗayan yakan ci ɗayan. Tagulla ita ce ta fi ɓarna: in aka ɗora wayar tagulla a kan kwano ko alminiyam, ko ma ruwan da ya bi ta kanta ya sauka a kansu, za ta huda su. Don haka a nemi raga da noti waɗanda suka yi jinsi ɗaya da magudanar, in kuwa ba a samu ba, a sa ɗan roba a tsakani.

Ƙarfe yana da wata fa'ida kuma. Busasshen ganye a cikin magudana makamashi ne, musamman na turare mai mai a jikinsa, ga shi kuma hunturu ne lokacin ƙona bola da ciyawa. A Ostareliya, inda gobarar daji ke cinye gidaje, ƙa'idar gini a yankunan da ke cikin haɗari ta tanadi a toshe kafofin rufi da ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 2 ba, domin tartsatsi kada ya shiga. Mai gida a gefen gari, kusa da gona ko fili mai ciyawa, ya kyautu ya ari wannan dabara.

SAURO DA RUWAN SHA

Illar toshewar magudana ba ta tsaya a kan gini ba. Ruwan da ya kwanta a cikin ruɓaɓɓen ganye, a inuwa, inda ba mai gani, shi ne irin wurin da sauron nan baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda masana ke kira Aedes, yake nema. Shi ne ke yaɗa zazzaɓin shawara da na denge, da rana yake cizo lokacin da ba kowa a cikin gidan sauro, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ba ya ɗaukar fiye da kwana 7 zuwa 10. Ƙwansa yana iya zama a bushe a jikin magudana wata da watanni, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Ba mu manta da ɓarkewar shawara a Jihar Bauchi a 2019 ba, da kuma denge da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta tabbatar a Sakkwato a Nuwamba 2023. Har ila yau, a 2020 an gano wani baƙon sauron cizon sauro ɗan asalin Asiya a Jihar Gombe, wanda shi ma tankuna da mazuban ruwa na cikin gari yake so. A ƙasar Singafo abin ya kai hukuma ta hana sa magudanar rufi a sababbin gine-gine saboda sauro.

A nan ya kamata a fahimci abu guda. Raga mai rubu'in inci ba ta hana sauro shiga, tana ma iya ɓoye ruwan da ya kwanta daga idon maigida. Abin da ke hana sauro shi ne gangare. A ba magudana gangaren da bai gaza rubu'in inci ba a kowace ƙafa 10, in ya kai rabin inci ma ya fi, yadda sa'a guda bayan ɗaukewar ruwa babu ko cokali ɗaya da ya rage. Ɗora raga a kan magudanar da ta lotsa ɓarnar kuɗi ce. A fara gyara gangaren tukuna.

Ga masu tara ruwan sama a tanki ko rijiyar siminti, waɗanda yawansu ke ƙaruwa saboda ƙarancin ruwan famfo, shawarar ita ce a raba aikin gida biyu. A sama a sa raga mai matsakaitan idanu. A ƙasa kuma, a daidai inda bututu ke shiga tanki, inda hannu ke kaiwa ba tare da tsani ba, a sa mai idon milimita ɗaya, a karkace, yadda abin da ta tare zai zame ya faɗi. A rufe bututun ambaliyar tankin da irinta saboda sauro. Sa'an nan a tanadi hanyar zubar da ruwan da ya fara wanke rufi, kamar lita ɗaya ga kowane murabba'in mita a gidan da ke da ƙura da jemagu, domin babu ragar da ke tace kashin tsuntsu ko na ƙadangare. Ganyen dogon yaro in ya jiƙa a tanki yakan ba ruwa ɗaci da launi. Ko da an yi duk wannan, ruwan sha sai an tafasa ko an sa masa magani.

WAJEN ƊORAWA

Raga mai kyau tana iya zama banza in aka ɗora ta ba daidai ba. Kada a kwantar da ita shimfiɗe a bakin magudana kamar faifai, domin ganye zai zauna a kanta ya ruɓe. A ɗaura gefenta na sama a jikin kwano, na ƙasa a leɓen magudana, ta bi gangaren rufin, yadda ganye in ya bushe iska za ta share shi. A kama ta a kan tudun kwano, kada a huda kwarinsa inda ruwa ke bi. A kuma ba da kulawa ta musamman ga kusurwar da rufi biyu suka haɗu, domin nan ne ganye da ruwa suka fi taruwa.

Mafi muhimmanci shi ne ta zama mai buɗuwa. A yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace kamar mita ɗaya ko biyu, a ɗaure da noti. Kada a yarda a yi mata walda ko a binne gefenta a cikin siminti. Duk mai sayarwa da ya ce in ka sa tasa ka huta da shara har abada, ka tambaye shi ta ina ƙurar hunturu za ta fita. Abin da raga ke yi shi ne ta rage hawa rufi daga sau biyar ko shida a shekara zuwa sau biyu, ta kuma hana toshewar nan ta dare ɗaya.

Masu magudanar kankare a bayan rawani suna da ƙarin aiki ɗaya, wanda magina na da za su gane nan da nan: a huda rawanin a sa indararo na ko-ta-kwana, sama kaɗan da gindin magudanar amma ƙasa da bakin kwano. Muddin bututu yana aiki, wannan indararo a bushe zai zauna. Ranar da aka ga yana zubar da ruwa, an san bututu ya toshe, ruwan kuma ya fita waje maimakon ya sauka a kan gado.

Wani gidan ma ba ya bukatar magudana ko kaɗan. In rufi ya miƙo sosai ya wuce bango, ba a kuma tara ruwa, ana iya barin ruwan ya zubo a kan daɓen siminti ko tsakuwa mai gangare zuwa lambatu, a sa ɗan guntun magudana a saman ƙofa kawai. Sharar ƙasa ta fi sharar sama sauƙi. Sai dai a birni, inda gidaje suka matsu, dole a tabbata ruwan ba bangon maƙwabci yake duka ba, domin wannan ya sha kai mutane gaban mai unguwa.

Shi kuwa itacen, sassabe yake bukata. A rage rassan da suka hau kan rufi, a bar tazarar kamar mita 2 zuwa 3 tsakaninsu da kwano. Wannan yana rage ganye ƙwarai, ya hana reshe gogar kwano in ana iska, ya kuma yanke wa ɓera hanya, alhali inuwar yamma da ke sanyaya ɗaki tana nan. A yi sassaben a ƙarshen rani, kafin iskar farkon damina.

Babbar shara a yi ta a watan Afrilu ko farkon Mayu, bayan ganyen rani da ƙura sun gama sauka. Mutanen Jos da kudancin Kaduna, inda ruwa ke riga faɗuwa, su yi tasu tun a Maris. A sake dubawa bayan ruwa biyu ko uku na farko, mai gawo kuma ya ƙara dubawa a Yuni da Yuli. Wajen hawa, a ja gindin tsani ƙafa ɗaya daga bango ga kowace ƙafa 4 ta tsawo, wani ya riƙe, a kuma lura da wayar lantarki da ke shiga gida, wadda sau da yawa ta gefen magudana take bi. Tsofaffin gidajen gwamnati da yawa rufinsu na asbestos ne. Wannan ba a taka shi domin yana fashewa ba zato, ba a kuma huda shi ko goge shi a bushe domin ƙurarsa tana cutar da huhu. A irin wannan rufi, a ɗaure raga a jikin magudana da katakon gefe kawai.

Kafin a sallami mai aiki, a sa shi ya hau da bokiti biyu. Na farko ya kwarara shi gaba ɗaya a kan kwano, a can nesa da bututu, a ga ko ruwan ya ratsa ragar ko ya tsallake ta, a kuma ga ko ya fito ta ƙasa da ƙarfinsa. Na biyu ya zuba a hankali, a jira minti 10, sa'an nan ya kwance gaɓa ɗaya ta ragar a gaban maigida, a leƙa a ga ko akwai inda ruwa ya kwanta.